Daga Zangon Kumasi Zuwa Ƙasan Teku: Inda Wasan Intanet Ke Maƙalewa

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, azumi bai cika kwana biyar da kamawa ba, intanet ta yi ɓatan dabo a Ghana. Manyan wayoyi huɗu da ke kwance a ƙasan teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace kusan lokaci guda daura da gaɓar Kwaddebuwa. Harkokin banki suka cushe, masu tura kuɗi ta waya suka dinga bai wa jama'a haƙuri, hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, NCA, ta ce gyaran zai ci aƙalla mako biyar. Abin ya zo daidai lokacin da Accra ke karɓar baƙuncin Wasannin Afirka karo na 13, inda aka saka wasannin kwamfuta cikin jerin na gwaji.

A unguwannin Zango da ke kewaye da fadar Manhyia a Kumasi, daga Alabar da Yelwa zuwa Akwatia Line, Aboabo da Asawase, dare na azumi daren samari ne. Ana idar da asham sai a kafa tukunyar ataya, a zauna kan wasa har kusan sahur. A wannan makon kuwa duk dabarar da aka sani ta ƙi ci. A cire layi a mayar, a kashe rauta a kunna, a ari wayar aboki, duk a banza, domin ciwon yana can ƙasan ruwa inda hannun kowa ba ya kaiwa.

Irin wannan rana ba kullum take zuwa ba. A yawancin ranaku matsalar ta fi haka kusa, wani lokaci ma tana cikin ɗakin da ake zaune. Amma hukuncin da ake yankewa ɗaya ne ko yaushe: "Netiwok ne!" Da wannan kalma ake binne matsaloli iri-iri da ba su da alaƙa da juna, kuma saboda ita mutane ke zuba kuɗi inda ba nan gizo ke saƙar ba.

Ƙwallo ta koma cikin allo

Kumasi garin ƙwallo ne. Nan ne gidan Asante Kotoko, nan King Faisal ta Alhaji Karim Grusah ta yi suna, babban filin wasan birnin ma sunan Baba Yara yake ɗauke da shi. Ba abin mamaki ba ne da gidajen gem na Zango suka fi cika kan wasan ƙwallo. Wanda aka sani da FIFA ya koma EA Sports FC tun 2023, PES ya zama eFootball a 2021, amma har yau sunayen farko ne a bakin yara. A wayoyi kuwa kasuwar ta Free Fire ce da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile.

Shiga ɗaya daga cikin waɗannan shaguna bayan isha'i. Talabijin uku ko huɗu jere a bango, benci a gaban kowanne, fanka na kaɗa iska mai zafi, a can lungu kuma rauta ce ajiye kan firji, an ɗora mata cajar waya. Muddin mutum biyu na zaune kafaɗa da kafaɗa suna karawa a allo ɗaya, babu ruwansu da intanet. Da zarar ɗaya ya ce zai buga da wani a Accra ko Legas ko Landan, sai labari ya sauya. Ya danna maɓalli, ɗan wasansa ya yi kamar yana shawara kafin ya ba da fasin. Mohammed Kudus ɗan Nima, wanda aka san shi da zafin nama, sai ya koma tamkar yana gudu cikin taɓo. Can sai allo ya tsaya cak, ya dawo an riga an zura ƙwallo a raga.

Yawan data daban, saurin amsa daban

Abu na farko da mai shago kan yi shi ne ya sayi data mai yawa, ko ya nemi layin da aka ce ya fi gudu. Nan kuskuren yake farawa. Idan uwa ta aiki yaro kasuwar Kejetia, girman kwandon da ya ɗauka abu ne guda, tsawon lokacin da zai yi kafin ya dawo kuma wani abu ne daban. Kallon bidiyo babban kwando yake so. Wasa kuwa ɗan ƙullin gishiri ne ake aikawa sau da yawa cikin kowace daƙiƙa, abin da ya dame shi kawai ɗan aiken ya je ya dawo da wuri, kuma kada ya zubar da komai a hanya.

Shi ya sa awa guda ta wasa ba ta cin datar da fim ɗaya ke ci. Abin da ke lashe data shi ne sabunta gem, wanda a PlayStation kan kai gigabait goma-goma.

Lambobi uku ne ke faɗin gaskiyar layi. Ta farko ita ce ta jinkiri, wadda 'yan wasa ke kira fing, ana auna ta da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Ƙasa da 50 wasa na tafiya sumul. Kusa da 100 ana iya lallaɓawa. Daga 150 zuwa sama hannu zai fara ji. Lissafin ba wuya: gem da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa yana sauya hoto duk bayan milisakan 17 ko ƙasa kaɗan, don haka mai fing 150 yana bayan abin da ke faruwa da hoto tara. A wannan ɗan tsakanin, ƙwallon da aka buga da gudun kilomita 100 a awa ta riga ta yi mita huɗu.

Ta biyu ita ce tangal-tangal ɗin jinkirin. Fing da ya tsaya a 120 bai motsa ba ya fi wanda ke tsalle daga 60 zuwa 300, domin hannu yana sabawa da jinkirin da ya sani, amma ba ya iya sabawa da wanda ke sauyawa. Ta uku ita ce zubewar saƙo a hanya. Ko kashi 2 cikin 100 suka ɓace, za ka ga abokin gaba ya ɓace nan ya ɓullo can, ko ka harba bindiga harsashin bai taɓa kowa ba. Yawancin wasanni suna da wurin da ake kunna waɗannan lambobi su fito a gefen allo. Mai son gano bakin zare daga nan zai fara.

A fara da ɗaki

Kafin a zargi kamfani, a tabbatar ba na'urar ce ta gaji ba. Waya mai arha da aka saka a caji ana wasa da ita a zafin watan Maris takan ɗau zafi, ta rage wa kanta ƙarfi don kada ta ƙone. Hoto ya fara sarƙewa, mai ita ya ce netiwok. Gwajin mai sauƙi ne: buga wasan ba tare da intanet ba. In har yana sarƙewa a haka, to layi ba shi da laifi. A cire wayar daga riga, a rage ingancin hoto, a kashe tsarin tattalin batir, a rufe sauran manhajoji.

Sai waifai. Gidajen Zango gidajen haya ne masu ɗakuna jere, bangon bulo da siminti, rufin kwano, kowane ɗaki da na'urarsa. Zangon 2.4 GHz da yawancin rautoci ke amfani da shi tashoshi uku kacal gare shi waɗanda ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Rauta goma a gida ɗaya kuwa dole su yi ta katse wa juna magana. Zangon 5 GHz ya fi sarari, amma ba ya ratsa bango sosai, sai na'ura tana kusa. Maganin da ya fi duka shi ne mafi arha: kebul daga rauta zuwa bayan PlayStation ko kwamfuta. 'Yan mitoci na wannan kebul, da ake samu a shagunan Adum wajen PZ, sun fi sabuwar rauta amfani ga mai wasa. Wanda kuma ke ɗaukar intanet daga wayarsa zuwa kwamfuta, gara ya haɗa su da igiyar caji maimakon hotsifot.

Akwai kuma ɓarawon cikin gida. Yaro ɗaya a benci yana ɗora bidiyo a TikTok, wata waya tana tura hotuna ajiya ba da sanin mai ita ba, ɗaya daga cikin na'urorin shagon tana sabunta kanta a ɓoye. Rauta kan tara saƙonni a layi, ɗan ƙaramin saƙon wasa ya tsaya bayan manyan kaya yana jiran a zo kansa. Nan take fing ya ninka. Mai shagon da ya san sana'arsa ba ya raba lambar sirrin waifai ga kowa, yana kashe sabuntawar kai-tsaye, ya bar ta sai tsakar dare lokacin da datar dare ke da rahusa kuma benci babu kowa.

Mai kwamfuta yana da hanyar raba gardama cikin minti biyu. Ya aika gwajin fing zuwa adireshin rautarsa, wanda ke rubuce a jikinta. In amsar ta wuce 'yan milisakan, ko tana tsalle, matsalar ba ta fita ɗakin ba. In wannan ya yi kyau, sai ya gwada wani adireshi na waje kamar 8.8.8.8 na Google. Idan a nan ne lambobin suka rikice, an tashi daga ɗaki an shiga unguwa.

Turken unguwa da wutar lantarki

A 2024 Ghana na da manyan kamfanonin waya uku: MTN, wanda NCA ta ayyana a 2020 a matsayin mai rinjaye a kasuwa, sai Telecel da ya karɓi ragamar Vodafone a 2023, da AT wanda a da ake kira AirtelTigo. Tambayar wanne ya fi kyau ga wasa ba ta da amsa ɗaya. Turken sadarwa rabo yake yi tsakanin duk waɗanda ke ƙarƙashinsa, kuma Asawase da Aboabo na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Kumasi. Layin da ke tashi kamar iska bayan asuba shi ne zai yi ta ja da ciki daga magariba zuwa sha ɗayan dare. Wanda ya yi kyau a Yelwa yana iya kasawa a Sawaba. Cikar sandunan sigina a allon waya ba ta nufin komai a nan: tana nuna kusancinka da turke, ba yawan waɗanda kuke rububi da su ba.

Abin yi shi ne gwaji a daidai lokacin da ake wasa, a daidai wurin da ake zama, da kowane layi. A ɗaga rauta daga saman firji a kai ta bakin taga. A kulle ta a 4G don kada ta riƙa sauka 3G da kanta. Masu wasa a waya su lura da wani abu: a layin da ba a kunna masa kira ta 4G ba, kiran waya na shigowa sai data ta faɗi ƙasa, wasa ya katse. Da yawa sun yi asarar wasan da suke gab da ci saboda Hajiya ta kira tana neman a sayo mata koko da ƙosai. Layin data na daban a cikin rauta yana kawar da wannan.

Faiba har gida ta fi kowane layin waya tsayuwa, ga wanda ta iso titinsa kuma aljihunsa zai ɗauka. Ita ma tana da abokan gaba. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta Ghana ta ce a 2024 kaɗai an datse wayoyin faiba fiye da sau 5,000, galibi ta hannun masu aikin titi da masu haƙa, har da na haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Tsakanin Kumasi da Accra, inda wayoyin teku ke sauka, akwai kimanin kilomita 250. Katafila ɗaya a gefen wannan hanya ta isa ta sa a karkatar da saƙonnin gari guda ta wata doguwar hanya.

Sai wuta. Wanda ya rayu a Ghana a 2015 ba ya buƙatar a yi masa bayanin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Ko ba a ɗauke ta gaba ɗaya ba, ƙiftawar daƙiƙa ɗaya ta isa ta kashe rauta, ita kuma sai ta yi minti ɗaya ko biyu kafin ta farfaɗo, wasa ya riga ya tafi. Ƙaramin batirin ajiya na bolt 12 da ake haɗa wa rauta yana riƙe ta na sa'o'i. Sai dai in unguwa duka ta yi duhu, kowa kan koma kan wayarsa, turke ya cika maƙil, don haka mai janareta ma ba ya tsira gaba ɗaya.

Ƙofar da ke buɗuwa ta ciki kawai

Wata matsalar ba ta nuna kanta da jinkiri. Intanet na aiki, YouTube na tafiya, amma ka gayyaci abokinka na Sabon Zango wasa ya ƙi haɗuwa, ko ku haɗu ba ku jin muryar juna. Wannan aikin NAT ne. Tsohon tsarin adireshin intanet, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, kuma sun yi wa duniya kaɗan. Don haka kamfanonin waya kan cusa kwastomomi da yawa bayan adireshi ɗaya. Kai kana iya fita neman wani, amma mai nemanka daga waje ba ya samun ƙofarka.

PlayStation na nuna wannan da lamba 1 ko 2 ko 3 a wurin gwajin intanet. Mai lamba 3 shi ne a takure, kuma idan biyu masu lamba 3 suka nemi juna a wasan da ke haɗa na'ura da na'ura kai-tsaye, da wuya su gamu. In layin faiba ne, kunna UPnP a rauta kan warware shi, haka ma cire rauta ta biyu da aka jona a bayan ta farko. In layin waya ne, katangar tana can wajen kamfani, duk abin da za ka taɓa a rautarka ba zai motsa ta ba. Sai dai a tambayi kamfanin ko yana bayar da adireshi na kai, ko a koma nau'in wasan da ke bi ta saba, wato babbar kwamfutar kamfanin wasan.

Nisan da ba ya jin magani

A ce an gyara duk waɗannan. Akwai sauran abu ɗaya. Haske a cikin faiba yana tafiyar kilomita 200 a kowane milisakan. Daga Accra zuwa Landan kimanin kilomita 5,100 ne a miƙe, zuwa da dawowa ya zama milisakan 51 tun kafin a lissafa komai. Waya kuwa ba a miƙe take tafiya ba. MainOne, da aka buɗe a 2010, tana bin gaɓar teku har Fotugal, ACE ta 2012 a Faransa take sauka, daga nan a bi ta ƙasa zuwa Frankfurt ko Landan inda sabobin wasa suke. A haɗa da tafiyar Kumasi zuwa Accra da tsaye-tsayen hanya, sai ka ga lambar ta haura 100. Yaron da ke Jamus yana zaune ne a bakin ƙofar sabar. Ɗan Aboabo da ya doke shi ya yi abin a yaba masa sau biyu.

Microsoft ya buɗe cibiyoyin ajiyar bayanai a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi sahu a Cape Town a 2020, kuma wasu wasanni sun kafa sabobi a can. Jin an ce sabar Afirka kan sa ɗan Kumasi ya zaɓe ta da murna. Amma Cape Town na da nisan kilomita 4,800 daga Accra, kusan daidai da Landan, kuma wani lokaci saƙon sai ya je Turai kafin ya juyo kudu. Kada a zaɓi saba don sunanta, a zaɓi wadda lambarta ta fi ƙanƙanta. Wadda za ta sauya wa Ghana lissafi da gaske ita ce ta Legas, mai nisan kilomita 400 kacal daga Accra, ko kuma ta Accra ɗin kanta, inda tun 2005 akwai mahaɗar intanet ta GIX da ke ba kamfanonin cikin gida damar musayar saƙo ba tare da an tsallaka teku ba.

Starlink ya fara aiki a Ghana a watan Agustan 2024. Taurarinsa suna shawagi a kimanin kilomita 550 daga ƙasa, ba kamar tsofaffin da ke kilomita 35,786 ba waɗanda jinkirinsu ke kai wa milisakan 600. Yana tsallake katafila da cunkoson turke, amma daga tashar da saƙon ya sauka har yanzu sai ya bi waya zuwa sabar Turai, kuma ruwan sama mai ƙarfi irin na Kumasi yana taɓa shi. An yi bikin ƙaddamar da 5G a Accra ranar 1 ga Nuwamba, 2024. Ita ma guntun tsakanin waya da turke take ragewa, ba ta matso da Frankfurt kusa.

Wani lokacin ma laifin na can ƙarshen ne. A Fabrairun 2025 tsarin PlayStation ya tsaya kusan awa 24 a duk duniya, har Sony ya ƙara wa masu biyan PlayStation Plus kwana biyar don ba da haƙuri. In komai na aiki sai gem ɗin kaɗai, a duba shafin kamfanin ko a tambayi wani mai layi daban kafin a fara kwance wayoyi.

Magungunan bakin titi

Inda ciwo ya daɗe, masu magani kan yi yawa. Akwai manhajojin da ke alkawarin rage fing da danna maɓalli ɗaya. Yawancinsu talla ce zalla, waɗanda kuma ke taɓa fayilolin gem suna iya jawo a rufe wa mutum asusunsa da duk abin da ya tara a ciki. Sauya DNS zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 yana taimakawa in shiga ce ta gagara, amma da an fara wasa ba shi da sauran aiki. VPN kan ƙara tsawon hanya, sai dai in hanyar da kamfaninka ke bi ta kasance karkatacciya ainun, kuma lamba ce za ta nuna hakan, ba yabon mai sayarwa ba. Duk mai gyaran da ya nemi lambar sirrin asusunka, ka karɓi na'urarka ka tafi.

Wa zai biya?

A gidan gem katsewar layi batun kuɗi ne. Yaro ya biya 'yan sidinsa, wasa ya mutu a minti na 70 yana gaba da ci biyu, gem kuma ya rubuta masa faɗuwa. "Maigida, ai ba laifina ba ne, a sake min." Maigida kuma data ya saya, wuta ya biya. Shagunan da ke zaman lafiya su ne waɗanda suka yanke ƙa'ida tun kafin a fara wasa, kowa ya ji: in ta katse kafin hutun rabin lokaci a sake, in bayansa ne an wuce wurin. Masu shirya gasa a unguwa kuma, muddin kofi da kuɗi na ciki, gara su tara 'yan wasa a ɗaki ɗaya a buga ba tare da intanet ba, don kada turke ya zaɓi zakara.

Abin da ya rage wa mai shago shi ne littafi da biro. Ya rubuta fing na kowane layi da safe, da la'asar, da bayan isha'i, har tsawon mako biyu. Wannan takarda za ta gaya masa layin da zai riƙe da lokacin da bai kamata ya karɓi kuɗin wasan intanet ba. Da ita zai iya zuwa ofishin kamfani ya yi magana da hujja, in ba a saurare shi ba ya wuce NCA, wadda karɓar ƙorafin masu amfani da layi na cikin aikinta. Shago ɗaya ba zai sa a ƙara turke a Asawase ba. Shaguna talatin da suka zo da lambobi iri ɗaya, na sa'o'i iri ɗaya, magana ce da injiniya zai zauna ya duba. Kamfanonin wasa ma da ƙidaya suke aiki: inda suka ga 'yan wasa sun taru suna biya, can suke kai saba.